Andi Hug, Mahaucin da Ya Zama Zakaran Damben Hannu da Ƙafa

Andi Hug ɗan ƙasar Suwizalan ne, ɗan wasan kareti da damben hannu da ƙafa, wanda ya yi tashe daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa shekarar 2000. Shi ne mutum na farko da ba ɗan Japan ba da ya kai karon ƙarshe a gasar duniya ta karetin Kiyokushin, a 1987. Shi ne kuma ɗan kareti na farko da ya ɗauki kambun gasar K-1, a 1996. Tsayinsa mita ɗaya da santimita 80, nauyinsa bai cika kilo 100 ba, wato ƙarami ne a cikin ƙartin da yake karawa da su. Bahago ne. Sana'ar da ya koya da hannunsa kuwa fawa ce.

Batun fawar nan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A ƙasar Hausa dambe wasan mahauta ne tun asali, su ne suke yawo da shi gari-gari bayan kaka, makaɗa irin su Ɗan Anace suna zuga gwaraza irin su Shago. Hausawan Sudan ma sun riƙe wuƙa da wuta, har agashensu ya zama abincin kowa a Hartum da Umdurman. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin mahauta na kasuwar Suk al-Shabi ta Sudan da sassafe ya san abin da aikin ke yi wa jiki: tashin asuba, saɓa cinyar sa a kafaɗa, sarar ƙashi da gatari, tsayuwa wuni guda. A Turai babu al'adar da ta haɗa fawa da dambe, dacewa ce kawai aka yi. Amma dacewa ce mai kyau, domin bugun da ya yi wa mutumin suna a duniya ma sunan gatari aka laƙaba masa.

An haife shi ranar 7 ga Satumba, 1964, a birnin Zurik. Mahaifinsa soja ne a rundunar baƙi ta Faransa, ya rasu a Tailan ba tare da sun san juna ba. Mahaifiyarsa tana fama da neman abin rufin asiri, don haka kakanninsa ne suka rene shi a wani ƙaramin gari mai suna Wolen. Kakan nasa magini ne. Yaron ya fara da ƙwallon ƙafa, yana da wajen shekara goma ya shiga makarantar kareti ta garin, kakan bai so ba da farko. Yana ɗan shekara 15 ya ci gasar ƙasa, bai daɗe ba aka ɗauke shi cikin tawagar Suwizalan ta manya. A 1984 ya kammala koyon fawa, ya kama aiki a wata babbar mahauta a Wolen. Aikin bai ɗore ba. Yawan neman izinin tafiya gasa da yawan dawowa da rauni suka raba shi da wurin bayan wajen shekara biyu.

Kareti kansa daga tsibirin Okinawa ya fito. Gicin Funakoshi ne ya kai shi Tokiyo a 1922, kuma ma'anar kalmar a harshen Japan ita ce hannu wofi, wato faɗa ba makami. Mafi yawan makarantunsa suna koyar da a tsayar da bugu kafin ya nutse a jikin abokin karawa, alƙalai su ƙirga maki. Masutatsu Oyama, wanda asalinsa ɗan Koriya ne, bai gamsu da wannan ba. A 1964, shekarar da aka haifi Andi, ya kafa ƙungiyar Kiyokushin a Tokiyo a kan ƙa'idar a yi bugu na gaske. Ba safar hannu, ba sulke. An yarda a naushi ƙirji da ciki da haƙarƙari da dunƙulallen hannu tsirara, an yarda a shuri cinya da ƙwauri, an yarda a kai ƙafa ko gwiwa har kai. Babban abin da aka hana hannu shi ne fuska. Wanda ya faɗi ya kasa miƙewa cikin daƙiƙa uku, an gama da shi. A bakin 'yan dambe wannan shi ne kisa, ba wai an raba mutum da ransa ba, an dai kai shi ƙasa.

Wannan doka ta hana naushin fuska tana da muhimmanci a labarin nan. Ita ce ta sa 'yan Kiyokushin suke tsayawa ƙirji da ƙirji, hannuwa a ƙasa, haɓa a buɗe, suna ta dakan juna kamar mata biyu a turmi ɗaya. Jikinsu yana taurara, ƙafarsu tana ƙwarewa, amma ba su saba kare fuska ba. Ranar da Andi ya sauya fage, wannan gibin ne ya fara cin sa.

Gasar duniya ta Kiyokushin ba a raba ta da nauyi, kuma duk bayan wajen shekara huɗu ake yin ta a Tokiyo. Andi ya fara zuwa a ta uku, a farkon 1984, ya kai cikin mutum 16 na ƙarshe, Shokei Matsui ya fitar da shi. A 1985 ya zama zakaran Turai a Basalona. Sai gasar duniya ta huɗu, a 1987, a zauren Budokan. Tun da aka fara wannan gasa a 1975, 'yan Japan biyu ne kullum suke haɗuwa a karon ƙarshe, kuma masu shirya ta suna ɗaukar haka a matsayin martabar gida. Andi ya wuce Adimir da Kosta ɗan Birazil, ya wuce Akira Masuda a karon kusa da na ƙarshe, ya sake tsayawa gaban Matsui. Alƙalai suka ba Matsui. Kambun bai bar Japan ba, amma tun daga ranar sunan Andi Hug ya zauna a bakin mutanen ƙasar.

Abin da ya ja hankalinsu shi ne bugun da Japanawa ke kira kakato otoshi, wato saukar diddige, wanda aka fi sani da saran gatari. Mai yin sa yana ɗaga ƙafa a miƙe har ta wuce kan abokin karawa, sannan ya sauko da diddige daga sama a kan fuska ko kafaɗa. Bugun ba baƙo ba ne, 'yan takwando na Koriya sun daɗe da shi. Wahalarsa ita ce mai yin sa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya, gabansa a buɗe, in ya makara da ƙiftawar ido sai a share ƙafar da ta rage. Amfaninsa kuma shi ne yana zuwa ta inda ba a tsaro. Ɗan wasa ya saba tare bugu daga hagu da dama da gaba, bai saba tare abin da ke faɗowa daga sama kamar reshe ba. Andi yana ɗaga ƙafar ba tare da ya nuna alama da kafaɗa ko ƙugu ba, kuma ko bai samu ba, tsoron ta yana sa abokin karawa ya ɗaga hannuwa sama, cikinsa da cinyarsa su zama banza. Wannan miƙewar ƙafa ba baiwa ce kaɗai ba, shekaru ne na jan jijiya kullum safiya.

Ya sake zama zakaran Turai a Budafes a 1989. A gasar duniya ta biyar, a 1991, ya haɗu da wani matashi ɗan Birazil, Faransisko Filyo. An buga alamar tsayawa, ƙafar Filyo ta sauka a kan Andi, ya faɗi sumamme. Aka yi ta gardama. Oyama da kansa ya yanke hukunci cewa an riga an ɗaga ƙafar kafin alamar, don haka bugun halal ne. Shekarar da ta biyo Andi ya bar Kiyokushin.

Ya koma Seidokaikan, makarantar Kazuyoshi Ishii ta birnin Osaka, wadda ta fara biyan 'yan wasa kuɗi. A 1992 ya ci kofin duniya na makarantar. A 1993 ya kai karon ƙarshe da Masaaki Satake, aka yi ta ƙarin turmi ba wanda ya kayar da wani, a ƙarshe aka raba gardama da fasa tubalan rufi da hannu, Satake ya fi shi yawan waɗanda ya fasa. Hanya ce ta raba faɗa da ba ta da kama a dambenmu, inda in turmi uku suka wuce ba kisa sai a raba a ce canjaras.

A 1993 ɗin ne Ishii ya ƙirƙiro K-1. Tunaninsa shi ne a tara gwanayen kareti da na damben Tailan da na sauran salo a fili ɗaya, a ƙarƙashin doka ɗaya. Ana sa safar dambe. An yarda da naushi har fuska, da shuri, da gwiwa. An hana gwiwar hannu da kokawa. Turmi uku ne, kowane minti uku. A daren ƙarshe mutum takwas suke shiga, wanda zai ɗauki kambu sai ya yi faɗa uku a dare ɗaya, da duk raunin da ya kwaso daga na farko da na biyu. Buranko Sikatik ɗan Kuroshiya ne ya ci na farko. Waɗanda suka fi ƙarfi a fagen kuwa 'yan Holan ne, domin makarantun Amstadam sun daɗe suna haɗa naushin boksin da shurin cinya.

Andi ya shiga da ƙafar dama. A ƙarshen 1993 ya kayar da Riyuji Murakami a turmin farko. A Maris 1994 ya doke Sikatik kansa da maki, aka fara cewa kambun shekarar nasa ne. A watan da ya biyo baya ya haɗu da Ba'amurke Fatirik Simit a zagayen farko na gasar. Simit bai tsaya kallon ƙafa ba, ya afka masa da naushi a haɓa. Daƙiƙa 19 aka yi, alƙalin wasa ya tsayar. A watan Satumba suka sake haɗuwa, Andi ya rama da gwiwa kafin minti ɗaya ya cika. Sai dai ramuwar ba ta toshe gibin ba. A 1995 Maik Banado ɗan Afirka ta Kudu, ƙato mai nauyin hannu, ya fitar da shi daga gasar da naushi, ya kuma sake kayar da shi a watan Satumba. Masu sharhi suka fara cewa ɗan kareti ba zai iya wannan fage ba, haɓarsa ba ta ɗaukar duka.

A nan ne aikinsa ya fi ban sha'awa. Mutum ne ɗan shekara 31, mai baƙar ɗamara, wanda ya shafe shekara ashirin yana tsayawa ta hanya ɗaya, kuma hanyar ta kai shi karon ƙarshe na duniya. Ya koma kamar sabon ɗalibi wurin masu koyar da boksin. Ya koyi ajiye hannu a gefen haɓa, da kaɗa kai, da zagayawa maimakon tsayawa a gaban ƙato ana musayar wuta. Ya koyi amfani da bahagonci, ya riƙa ajiye ƙafar damansa a wajen ƙafar hagun abokin karawa domin hagunsa ta sami hanya miƙaƙƙiya. Bai zama gwanin naushi irin 'yan Holan ba, bai kuma zubar da karetinsa ba. Abin da ya samu shi ne isasshen tsaron da zai ba ƙafarsa lokacin yin aiki. Ba kowane zakara ke yarda ya koma sahun yara ba, shi ya sa da yawa daga cikin 'yan karetin da suka gwada K-1 ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ranar 6 ga Mayu, 1996, a zauren wasanni na Yokohama, ya fara da kayar da Duwen fan da Mawe ɗan Afirka ta Kudu cikin ƙasa da minti ɗaya. Faɗa na biyu da Anesto Hus ɗan Holan ne, mutumin da ake yi wa laƙabi da marar aibi saboda tsabtar wasansa. Turmi uku ba su raba su ba, aka ƙara ɗaya, aka sake ƙara ɗaya, sannan alƙalai suka ba Andi da ƙyar. Ya koma ɗakin hutu da turmi biyar a jikinsa, wanda ke jiransa a karon ƙarshe kuwa Banado ne, wanda ya kayar da shi sau biyu, wanda kuma a daren nan ya kayar da Fita Ats, zakaran 1994 da 1995.

Andi bai nemi kan Banado ba, cinyarsa ya nema. Ya yi ta shurin ta tun turmin farko, kamar mai sarar gindin itace, har ƙafar ta fara ƙin ɗaukar nauyin mai ita. A turmi na biyu Banado ya faɗi, ya miƙe. Sai Andi ya juya baya cikin sauri, ya sunkuya, ya kawo diddige a kewaye ya dasa a cinyar nan. Banado ya zube, bai iya tashi ba. Wannan bugu shi ake kira guguwar Hug. Juyi da diddige sananne ne, amma kai ake kai wa, ba a saba ganin an saukar da shi ƙasa ga cinya ba. A daren aka naɗa shi zakaran K-1, ɗan kareti na farko da ya kai ga haka. Sai a 2005 wani mai asalin kareti, Semi Shilt ɗan Holan, ya sake ɗaukar kambun.

Bai sake cin gasar ba, amma ya kai karon ƙarshe shekara uku a jere. A 1997, a gaban mutum sama da 50,000 a filin Tokyo Dome, ya kayar da tsohon abokin hamayyarsa Satake cikin daƙiƙa 15, ya wuce Ats, Hus ya doke shi da maki. A 1998 ya wuce Rei Sefo da Sam Gireko, Ats ya kayar da shi da shuri a kai a turmin farko. Shi da Ats sun haɗu sau huɗu, kowa ya ci biyu. Bashin da bai biya ba shi ne na Filyo. Sun sake haɗuwa a Nagoya a Yulin 1997, ranar da Filyo ya fara shiga K-1, ya kuma sake kayar da Andi, wannan karon da naushi ɗaya a turmin farko. Gaba da gabanta.

Faɗuwar ba ta rage masa farin jini a Japan ba, sai ma ƙara shi da ta yi. Mutanen ƙasar suna ganin ƙaramin mutum a tsakiyar ƙarti, yana shiga fili da farar rigar kareti, yana rusunawa, in an kayar da shi ya dawo ya nemi wanda ya kayar da shi. Suka sa masa suna samurai mai shuɗin ido, wasu su ce mutumin ƙarfe. Ya riƙa fitowa a tallace-tallace da shirye-shiryen talabijin, ana tare shi a titi. A gida kuma, daga 1995 zuwa 2000, duk shekara ana shirya daren faɗa a babban zauren Halenstadiyon na Zurik, shi ne jigon taron. Irin wannan ƙauna ta ɗan kallo ga ɗan wasa sananniya ce a wurin duk wanda ya halarci kokawar Nuba a unguwar Haj Yusuf ta Hartum da yammacin Juma'a kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023: wanda ake ɗagawa a kafaɗa ba lalle ne ya zama mafi girman jiki ba.

Ranar 3 ga Yuni, 2000, ya yi faɗansa na bankwana da 'yan kallon Zurik, ya doke Mirko Filifobik ɗan Kuroshiya da maki. Ranar 7 ga Yuli ya kayar da Nobu Hayashi a turmin farko a birnin Sendai. Wannan ne faɗansa na ƙarshe, daga cikin sama da 40 da ya yi a damben hannu da ƙafa, waɗanda ya ci kusan huɗu cikin kowane biyar.

A farkon watan Agusta, yana Suwizalan, zazzaɓi mai zafi ya riƙa kama shi yana sakinsa, ga yawan haɓo. Ya koma Japan a tsakiyar watan domin shirin gasa. Ranar 19 ga watan aka kwantar da shi a asibiti a Tokiyo, gwaji ya nuna sankarar jini ce, nau'in da likitoci ke taƙaitawa da APL. A wannan cuta ɓargo ne yake cika da fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba, su hana sauran ƙwayoyin fitowa, su kuma lalata tsarin da ke sa jini daskarewa. Alamominta su ne kasala, zazzaɓi, haɓo, jini a dasashi, da tabon kwanciyar jini a fata ba tare da an bugu ba. Ga ɗan dambe waɗannan alamomi suna da saurin ɓacewa a cikin gajiyar horo da raunin yau da kullum. Haɗarinta mafi girma yana cikin kwanakin farko, lokacin da jini kan iya ɓallewa a ƙwaƙwalwa ko huhu. In an tsallake wannan mataki, a yau tana cikin nau'o'in sankarar jini da suka fi jin magani, da wani sinadari dangin bitamin A da kuma wani da ake samu daga arsenik. Gwajin ƙirgar ƙwayoyin jini, wanda ƙananan dakunan gwaji da yawa ke yi, shi ne yakan fara nuna cewa akwai matsala.

Andi bai tsallake kwanakin farkon ba. Daga gadon asibiti ya aika wa masoyansa saƙo cewa zai yaƙi cutar. Jini ya ɓalle masa a ƙwaƙwalwa, ya shiga dogon suma, ya rasu ranar 24 ga Agusta, 2000, saura mako biyu ya cika shekara 36. An yi masa jana'iza a Tokiyo bisa al'adar Japan, dubban mutane suka yi layi a titi, tsofaffin abokan karawarsa suna cikin masu ɗaukar akwatin. An ajiye tokarsa a wani wurin bauta a birnin Kiyoto.